Tiyatar Gaɓa Ta Ƙaramar Kafa: Yadda Likita Ke Koyonta

Akwai tiyatar gwiwa da kafaɗa da ake yi ba tare da an buɗe gaɓar ba. Likita kan huda kafa biyu ko uku, kowace ba ta wuce santimita ɗaya ba. Ta ɗaya ya zura siririn bututu mai kyamara da fitila, ta ɗayar kuma kayan aiki, yana kallon cikin gaɓar a allo. Japan na cikin wuraren da aka faro ta: Kenji Takagi ya leƙa cikin gwiwar gawa a 1918, almajirinsa Masaki Watanabe kuma ya kyautata na'urar.

Wahalar aikin tana ga hannu. Ido na kan allo, hannu na wani wuri, hoton ba ya nuna zurfi, kuma in aka karkata kan ƙarfen dama, bakinsa hagu yake yi a ciki. Ɗan koyo na iya kankare guringuntsi, wanda kuwa ba ya tofowa kamar fata. Shi ya sa ake fara horo a kan gwiwar roba, ko akwati mai ramuka inda ake ɗaukar ƙananan zobba ana ƙulla zare, sannan na'urar kwamfuta mai kwaikwayon gaɓa, wadda ke lissafa lokaci da kowane kuskure. Daga nan sai gawa, sannan majiyyaci, babban likita na tsaye a kai.

Game da masu buƙatar wannan tiyata kuwa, a Madarunfa, kusa da Maraɗi, inda faɗuwa daga kabu-kabu da raunin ƙwallo ba baƙi ba ne, mai ɗori aka fi fara nema. Amma ɗori ba ya haɗa jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa, sakiya da tsaga kuwa ƙofa suke buɗe wa ƙwayoyin cuta. Gwiwar da ke kumbura, ko sarƙewa, ko sulluɓewa bayan targaɗe, asibitin gunduma ya kamata a kai ta, a tura mai ita Maraɗi in da hali. Wasu har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano suke zuwa.

Majiyyaci na da haƙƙin tambayar likita inda ya koyi aikin da yawan waɗanda ya yi wa. Kuma ba kowane ciwo wannan tiyata take magancewa ba: binciken da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna wanke gwiwar da tsufa ya cinye ta wannan hanya bai fi tiyatar bogi amfani ba.