Kukan Safiya a Rabin Aji

A makon farko na zangon Satumba, ko sallama ba a ji a bakin ƙofar wata firamare da ke cikin birnin Zariya saboda kuka. Adaidaita sahu na sauke yara, yayye na jan ƙanne, wata 'yar shekara huɗu ta damƙe gefen hijabin mahaifiyarta, gorar kununta na lilo a wuya. 'Yan rabin aji ke nan. Tun da dokar UBE ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, firamaren gwamnati da dama suka buɗe irin wannan aji.

A wurin yawancin iyaye, yaro mai juriya shi ne wanda hawayensa bai zuba ba. "Yi shiru, namiji ba ya kuka," haka ake ce wa wanda ya kurje gwiwa. Ba mugunta ba ce. Sun san abin da ke jiran yaron: aike cikin rana, sanyin hunturu da asuba, bulalar makarantar allo. Gani suke gara ya koyi cije haƙori tun yana ɗanye.

Malamar ajin, wadda yaran ke kira Anti, abin da ke biyo bayan kukan take dubawa. Wanda ya yi birgima da safe, kafin tara yana rigimar layin lilo, wannan bai dame ta ba. Haka yarinyar da ginin murafen kwalbarta ya rushe, ta tura baki, ta sake jerawa, ko ta ce, "Anti, taya ni." Mai tayar mata da hankali shi ne na lungu: ba kuka, ba wasa, ƙullin ƙosansa ya koma gida yadda ya zo, ya matse fitsari har ya jiƙa wando don tsoron buɗe baki. Shi ne kuma ake yabo a gida da cewa ba shi da rigima.

Lokacin tashi ake gane bambancin da ke tsakanin iyaye da Anti. "Anti, yau ma ya yi kuka?" "Ya yi, Maman yara, amma shi ya raba wa 'yan ajin alli." Sau da yawa rabin farko na amsar kaɗai uwa ke tafiya da shi.

Kakanni sun fi saurin fahimtar Anti, domin su ake kai wa yaye. Sun san yaro zai kwana biyu yana kuka, kuma goyo da rarrashi da kunu mai ɗumi ne ke tsallakar da shi, ba tsawa ba. Shi ya sa roƙon malamai a taron iyaye bai wuce biyu ba: kada a sulale a bar yaro ba sallama, kuma in an ce masa za a zo da azahar, a zo da azahar. Yaron da ya tabbata ana cika masa alkawari ba ya daɗewa yana kuka a bakin ƙofa.