Daga Abuja zuwa Borokiri: Doguwar hanyar kuɗin bincike

Tun ƙarshen shekarar 2016 mazauna Fatakwal suke wayar gari su tarar baƙar ƙura ta lulluɓe motoci da shanya da tafin ƙafar yara. Borokiri, unguwar bakin ruwa da ke kudancin birnin, inda Hausawa 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago suka daɗe da zama, ba ta tsira ba. An fi ɗora alhakin abin a kan masu tace ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya, da kuma ƙone matatun nasu da jami'an tsaro ke yi. Amma gano abin da ƙurar ke yi wa huhu da jini aikin masana ne, kuma kasafin jami'a ba ya ɗaukar irin wannan ɗawainiya.

A 2014 Bankin Duniya ya ɓullo da shirin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka, wato ACE, Najeriya ta samu cibiyoyi goma. Jami'ar Fatakwal da ke Choba ta samu ta binciken sinadaran haƙar mai, Jami'ar Bayero ta samu ta noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta cututtukan da aka yi sakaci da su. A zagayen 2019 Fatakwal ta ƙara samun wata, PUTOR, wadda ke nazarin lafiyar al'umma da illar guba.

Abin da ya kamata ma'aikacin da fayil ɗin zai bi ta teburinsa ya riƙe shi ne, kuɗin ACE rance ne mai sauƙin sharaɗi da Gwamnatin Tarayya ta karɓa, kuma ba a sake shi gaba ɗaya ba. Sai cibiya ta nuna ɗaliban digiri na biyu da na uku da ta ɗauka, har da na ƙasashen maƙwabta, da binciken da ta wallafa, an tantance, sannan a biya. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ta jagoranci shirin a gida. Saboda haka a lokacin, takardar da ta kwana wata guda a wani ofishi a Abuja tana iya hana ɗalibi alawus a Choba.

Asusun bai-ɗaya na TSA, wanda aka tsananta aiki da shi a 2015, ya ƙara wa tafiyar tsawo. Malaman jami'a sun daɗe suna kukan cewa tallafin da suka nemo daga waje yana maƙalewa a Babban Banki, alhali mai bayarwa ya gindaya wa'adi. Sai a 2024 gwamnati ta amince a cire irin wannan tallafi na jami'o'in tarayya daga TSA. A ganina an makara, amma gyara ne na gaske.

Ko kuɗi sun iso, aiki bai fara ba. Duk binciken da zai taɓa jikin mutum sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi, sannan kowane mutum ya yarda bayan an yi masa bayanin da ya fahimta. A nan ne Borokiri ke da nata sharaɗi. Bahaushe bai manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Wanda ya shiga unguwar da allurar ɗibar jini da takardar yarda cikin Turanci zai tarar da ƙofofi a rufe. Dole ya fara gaida Sarkin Hausawa da limamai, ya fassara takardar, ya ɗauki mata masu shiga gidaje. Kowanne daga cikin waɗannan yana cin kuɗi, kuma idan ba a sa shi cikin kasafin farko ba, da wuya mai tallafi ya ƙara ko kwabo daga baya.