Abin Da Mai Keke Ke Gani A Gonakin Inabi Na Faransa

Jama'a manoma da masu lambu, a makon nan za mu ɗan ajiye maganar taki da iri, mu leƙa kudancin ƙasar Faransa. Akwai wata hanya can wadda mutane kan bi a kan keke kwana biyar ko shida, da wuya su gamu da mota sai in sun shiga gari. Yawancinsu shan iska ne ya kai su. Amma wanda ya san gona, in ya bi ta yana lura, zai ga alamun cuta biyu da suka auka wa shuka. Ɗaya an sami maganinta, ɗayar kuwa har yanzu ba a samu ba.

Hanyar Ruwa

Hanyar nan tana bin gefen wata korama ce wadda mutane suka haƙa da hannu don jiragen kaya, ana kiranta Kanal di Midi. Ta tashi daga birnin Tulus, ta bi ta Karkason da Beziye, ta ƙare a wani tafki na bakin Bahar Rum. Tsawonta mil 150, watau kilomita 240. Wanda ya ƙago ta wani mai tattara harajin gishiri ne, sunansa Pierre-Paul Riquet. Sarki Luwi na 14 ya ba da izni a 1666, aka tara ma'aikata wajen 12,000, maza da mata. Riquet ya rasu a 1680, aka buɗe hanyar a 1681, bai ga jirgi ya ratsa ta ba.

Wuyar aikin duka ita ce samun ruwa. A tsakiyar hanya akwai tudu, ƙafa 620 bisa teku, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Sai Riquet ya tare ƙoramun wani dutse da ke arewa, ya gina babbar madatsa, ya ja ruwan har kan tudun. Daga nan wani ya gangara yamma, wani gabas. Inda ƙasa ta yi gangare an gina ɗakunan ruwa masu ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin ko a rage shi, sa'an nan a buɗe ya wuce. Kusa da Beziye akwai irinsu takwas a jere kamar matakala.

Turbar Dawaki Ta Zama Ta Keke

A da dawaki ke jan jiragen da igiya, suna tafe a gaɓa, jiragen ɗauke da alkama da gangunan giyar inabi. Jirgin ƙasa ya iso a 1857, ya kwashe kayan sannu a hankali. Yanzu jiragen 'yan yawo ne ke bin ruwan, turbar dawakin kuwa ta koma ta masu keke da masu ƙafa.

Da yake turbar tana bin ruwa ne, ba hawa ba gangara sai kaɗan, har yaro da tsoho suna iya yin mil 30 a yini. Daga Tulus zuwa wajen mil 30 an shimfiɗa kwalta. Gaba da nan wani wuri tsakuwa, wani wuri ƙasa, in an yi ruwa sai taɓo. Masu hikima kan tashi daga yamma su nufi gabas, don iska mai ƙarfi ta ƙasar daga arewa maso yamma take busowa, sai ta riƙa tura su.

Kafin Karkason gonakin alkama suka fi yawa. Daga nan sai inabi, kunya bayan kunya, iyakar ganin ido. Ƙasar tsakuwa ce, ruwan sama kaɗan ne a watannin zafi, amma saiwar inabi tana nitsawa can ƙasa ta nemo danshi. Da sanyi ake datse rassa, a tsinke 'ya'ya daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Mafi yawa matse su ake yi a yi giya, ita ce abin sayarwar manoman ƙasar.

Ƙwaron Da Ya Ci Saiwa

In mai keke ya sauka ya duba gindin inabi, zai ga wani kumburi kaɗan bisa ƙasa. Tabon aure ne, irin wanda muke yi wa mangwaro da lemo. Ga dalilinsa.

Cikin 1863 inabi ya fara bushewa a wata gunduma ta kudancin Faransa, ba wanda ya san sanadi. Sai a 1868 wani malamin tsirrai na Monfeliye, Jules-Émile Planchon, da abokan aikinsa suka tone gindi, suka tarar da wani ɗan ƙwaro rawaya maƙil a jikin saiwa. Ɗan'uwa ne ga kwarkwatar da ke tsotson ganyen gyaɗa da wake, ana kiransa filoksera. Daga Amurka ya zo, a jikin dashen inabi da aka shigo da shi ba a bincika ba. Yana tsotson saiwa, wurin ya kumbura ya ruɓe, cikin 'yan shekaru shukar ta mutu. Kafin 1900 ya game kusan dukan ƙasar.

An gwada dabaru iri iri. Waɗansu suka zuba magani cikin ƙasa, tsada ta hana talaka. Masu gona a fadama suka riƙa sakar mata ruwa da sanyi, ya kwanta kwana 40, ƙwarin su nutse. Wannan ya yi, amma mai gonar tudu fa? Daga baya aka lura inabin Amurka, da yake tare suka taso da ƙwaron, saiwarsa tana jure masa. To, sai aka ɗauko gindin Amurka, aka aura masa reshen inabin Faransa. Ƙasa saiwa mai jurewa, sama 'ya'yan da aka saba da su. Ƙwaron yana nan cikin ƙasa har yau, don haka kusan kowane inabi da mai keke zai wuce ɗan aure ne.

Inuwar Da Ta Ragu

Cuta ta biyu a kan turbar kanta take. An dasa wa koramar wata babbar bishiya da Faransawa ke kira filatan, wajen 42,000, dama da hagu, yadda ake jera maɗaci ko dalbejiya a bakin titi. Saiwarta na riƙe gaɓa, inuwarta na rufe ruwa da matafiya.

A 2006 aka ga cuta a jikin waɗansu kusa da Karkason. Wata irin fumfuna ce mai shiga ta rauni, ta toshe hanyar da ruwa ke bi cikin itace. Masana na ganin ita ma daga Amurka ta zo, cikin katakon akwatunan harsashi, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yadda ta yaɗu shi ne abin lura. Mai jirgi ya ɗaure igiya a gindi, ko jirginsa ya goge saiwa, ya yi mata rauni. Ruwa ya ɗauki ƙwayar cutar ya kai gaba. Zarto ya yanka mai ciwo, ya je ya yanka mai lafiya. Ga shi kuma duk iri ɗaya ne, saiwa na haɗe da saiwa, in ta kama ɗaya sai ta bi layi.

Ba ta da magani, sai sara da ƙonawa. Zuwa 2023 an sare fiye da 30,000. Mai keke yakan fito daga inuwa mai sanyi, ya faɗa fili tsirara, ba kome sai 'yan dashe da aka kafa wa sanduna. Hukumar ruwan ta hana ɗaure jirgi a jikin bishiya. Sabon dashen kuma ba iri ɗaya ba ne, kowane zango da nasa, har da wata 'yar'uwar bishiyar zuwo ta ƙasarmu. Sai an yi shekaru masu yawa kafin inuwar ta komo.

Abin Da Za Mu Riƙe

To, jama'a, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Cututtukan nan biyu baƙi ne, mutum ne ya ɗauko su da hannunsa bai sani ba. Kada ka karɓi dashe ko iri daga nesa don an yabe shi, sai ka san gonar da ya fito, ka kuma nuna wa malamin gona. In kana datse lemo ko mangwaro, ka gasa wuƙarka a wuta ko ka wanke ta da ruwan bilic kafin ka koma kan wata bishiyar. In za ka yi aure, ka kula da gindi kamar yadda kake kula da reshe, don shi ne ke fama da ƙasa. In kuwa za ka jera itatuwa a gona ko a bakin hanya, ka gauraya iri biyu ko uku, don ran da cuta ta zo wa ɗaya, saura su tsaya.

Allah ya tsare mana amfaninmu, amin.