Allura ɗaya, mutum ɗaya, sau ɗaya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, dattawan cikinmu suna tune da zamanin da malamin likita ke dafa allura cikin ƴar tukunya, ya yi wa layin mutane da ita tun safe har azahar. Yau ko wace allura cikin ledarta take zuwa, a liƙe. Mene ne dalili?

Dalilin shi ne jini. Ɗigon da ido ba ya gani yana maƙalewa cikin allura, kuma ya isa ya ɗauki ciwon hanta ko sida daga wannan jiki zuwa wancan. Ƙwayar ciwon hanta iri na B tana iya kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Ƙasar Masar ta ɗanɗana wannan: daga shekarun 1950 zuwa na 1980 an yi wa miliyoyin mazauna karkara allurar maganin tsargiya da sirinjin gilashi waɗanda ba a dafa su sosai ba. An nemi lafiya, sai ciwon hanta iri na C ya bazu cikin garuruwan bakin kogin Nilu.

Shi ya sa a 1999 hukumomin OMS da UNICEF suka yi kira da a koma yin rigakafi da sirinji mai kulle kansa. Da zarar an tura ruwan magani, sandarsa ta ƙage, ba ya sake jan wani.

Ledar nan ba ado ba ce. Tun a masana'anta ake kashe ƙwayoyin cuta bayan an liƙe ta, da wata iska mai guba ko da haske mai ratsa kaya. Haka ake yi wa safar hannu, da auduga, da ƙunshin kayan haihuwa. Muddin ledar ba ta huje ba, ba ta jiƙe ba, wa'adinta bai wuce ba, abin da ke ciki tsarkakakke ne. In ta yage, tsarkin ya tafi, ko da kayan suna ƙyalli.

A wurin haihuwa abin ya fi tsanani. Tsohuwar reza ko wuƙa a kan cibiya ita ce ƙofar ciwon tetanos: jinjiri ya daina kama nono, jikinsa ya sandare. Sabuwar reza, da zare mai tsabta, da sabulu, da rigakafin mai ciki su ne garkuwa.

Saboda haka, in ka je likita, ka dubi hannun ma'aikaci. A buɗe ledar a gabanka. Bayan an gama, a jefa allurar cikin kwalin da aka tanada, ba a bisa juji ba inda yara ke tsinta. Kada ka miƙa jikinka ga mai yawo da allura a kasuwa. Wanzami ma a kai masa sabuwar reza.

Tambaya cikin ladabi ba raini ba ce. Ma'aikacin kirki zai ji daɗinta, domin shi ma kansa yake karewa.