Ko Kun Sani? Ƙofar Zuciya Mai Kama da Laima

Ƙofar mitiral da ke hagun zuciya, zarurruka ne ke ɗaure da ita a jikin tsoka biyu. Ƙalilan daga jarirai ana haifarsu da zarurrukan duka a tsoka ɗaya, kamar igiyoyin laimar sauka daga jirgi. Sai ƙofar ta matse, jini ya riƙa taruwa a huhu. Likita John Shone da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan a 1963.

Uwa a Garwa ta Kamaru, in jaririnki yana haki da gumi wajen shan nono, ga shi ba ya ƙiba, kada ki tsaya ga maganin sanyi. Hoton eko na zuciya, ba allura ba zafi, shi ke nuna tsokar guda. Game da magani kuwa, an buɗe cibiyar tiyatar zuciya a Shisong, Kumbo, a Kamaru a 2009.