Kano Pillars a Shekarar 2009: Tsakanin Gasar Gida da ta Afirka

Ƙungiyar Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 kuma gwamnatin Jihar Kano ke ɗaukar nauyinta, ta fara lashe gasar Firimiya ta Nijeriya ne a 2008, kuma wannan nasara ce ta ba ta gurbi a Gasar Zakarun Afirka ta 2009, wato gasar da hukumar ƙwallon ƙafa ta nahiyar, CAF, ke shirya wa ƙungiyoyin da suka yi zarra a ƙasashensu.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan kakar shi ne karawarta da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin, bayan ta ɗaga shi har sau shida. An tashi 1-1 a Nijeriya, abin da ya sa masu sharhi da dama suka ɗauka an gama da Masu Gida, wato Pillars, amma da aka je Alƙahira sai aka tashi 2-2, Pillars ta wuce bisa dokar ƙwallon waje. Wannan doka ta tanadi cewa idan jimillar ƙwallayen wasa biyu ta zo daidai, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ke da galaba. Nauyin wannan sakamako ya fi fitowa fili idan aka tuna cewa 'yan wasan sun taso ne a gasar da cin wasa a waje ke da matuƙar wuya, inda ƙungiya kan dogara da filinta da ihun magoya bayanta, ta yi doguwar tafiya a mota zuwa wata jiha tana fatan ko da canjaras. Zura ƙwallo biyu a ragar zakarun nahiya, a gaban jama'arsu, jarumta ce da ta cancanci yabo.

A matakin rukuni Pillars ta haɗu da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da kuma ZESCO United ta Zambiya, ta kuma kammala a saman teburi. Sai dai wadda ta tare mata hanya a wasan kusa da na ƙarshe 'yar gida ce, wato Heartland ta Owerri, wadda ta san salon wasanta ciki da waje, ta doke ta 4-0 a karon farko, ta ƙara da 1-0 a na biyu. Ita ma Heartland ɗin dokar ƙwallon waje ce ta hana ta kofin a wasan ƙarshe da TP Mazembe ta Kwango.

A cikin gida kuwa kambun ya kuɓuce, domin Bayelsa United ce ta lashe gasar 2009, kuma sai a 2012 Pillars ta sake karɓo shi, ta riƙe shi shekara uku a jere har zuwa 2014.