Farar Shadda da Tsakar Rana: Abin da HDR Ke Yi wa Hoto

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton ango bayan an shafa fatiha ya san wannan takaicin. Ango ya sha farar shadda, rana ta take, ka danna. Ko dai rigar ta fito fes har ana ganin aikin wuya amma fuskar ta dushe, ko kuma fuskar ta fito, rigar ta koma fari fat, ba a ganin ko zare ɗaya. Laifin ba na hannunka ba ne. Ido yana daidaita kansa duk inda ya waiga, shi ya sa kake ganin na cikin zaure da na bakin titi a tare. Ita kyamara, duk dannawa awon haske ɗaya take zaɓa. Hoton JPEG da muke turawa juna ma darajar haske 256 kacal gare shi a kowane launi.

Dabarar da ake kira HDR ba ta da wuyar fahimta. A ɗauki abu ɗaya sau uku ko fiye: ɗaya da ƙarancin haske don a ceci sararin sama da farar riga, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya da haske mai yawa don a tono abin da ke cikin inuwa. Sai a haɗa su, a tsinci mai kyau daga kowanne.

Tunanin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da lissafin da kwamfuta za ta bi ta yi haɗin. Kamfanin Apple ya sa HDR a iPhone 4 a 2010.

Sai dai haɗin yana son abin da ba ya motsi. Gwada shi a kan mahayan da suka sako dawaki a guje ranar hawan daushe, za ka ga doki da ƙafa shida, domin kafin hoto na biyu ya shiga, dokin ya wuce. Maganin da Google ya kawo da HDR+ ya burge ni. A farkon fitowarsa, waya tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, dukansu da ɗan duhu da gangan, ta jera su daidai, ta haɗe. Dalili kuwa, wurin da haske ya ƙone ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Inuwa kuma ana iya ɗaga ta, tsakuwa-tsakuwar da ke ɓata ta tana raguwa idan aka tara hotuna.

Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne matakin ƙarshe, wato matse duk wannan haske ya shiga abin da fuskar waya za ta iya nunawa. In aka zarce, sai gajimare ya yi kamar hayaƙin taya, wani farin zobe ya kewaye hula da rufin gida, inuwa ta ɓace sam. Ni dai hoton da ba inuwa bai taɓa yi mini kama da wurin da na tsaya ba. Mu baƙaƙen fata abin ya fi shafa, domin na'urar takan ɗauki fuskarmu a matsayin inuwar da ke bukatar gyara, ta haska ta har ta yi toka-toka kamar mai fama da hunturu. Google da kansa ya amsa akwai matsalar, ya fito da Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021.

Shi ango, ka ja shi ƙarƙashin darbejiya ko bakin rumfa, ka taɓa fuskarsa a gilashin wayar don ta auna haske daga nan, ka riƙe hannunka kyam, ka roƙi abokansa su tsaya cak na daƙiƙa ɗaya.